Mumuni Mai Labarin Ruwa

A Salaga ta ƙasar Ghana aka yanke wa Mumuni cibiya, a gidan tsofaffin fataken goro waɗanda goron ya ƙare musu amma alfaharin bai ƙare ba. Da ya tasa sai ya tafi Yendi ya zama yaron mota. Ya yi shekaru a kan buhunan doya yana ƙwala wa fasinja kira, har muryarsa ta buɗe, ana jin ta daga wancan ƙarshen tasha. Bai zama direba ba, domin duk ranar da maigidansa ya ba shi sitiyari sai an nemo masu turi. Aure ne ya kai shi Bawku. Ya auri Ummul-Khair, surukinsa ya yanka masa gona a fadamar kogi, ya koma noman albasa da rani, masara da damina. Manomi ne ba yabo ba fallasa. Da a noma aka tsaya, da ba wanda zai san sunansa bayan layinsu.

Ruwa ne ya ɗaga shi. Kogin da suke noma a bakinsa daga Burkina yake gangarowa, kuma can sama akwai madatsa. In damina ta yi nisa madatsar ta cika, sai a buɗe ƙofofinta, ruwa ya taho ya shafe fadama, ya tafi da masara da awaki, wata shekarar har da mutum. Akan sanar a rediyo, amma wanda ke tsakiyar gona ba da rediyo yake noma ba. Mumuni kuwa yana da Hudu, wan matarsa, mai gyaran injin ban-ruwa a wani ƙauye kusa da madatsar. Da Hudu ya ga alamar za a buɗe sai ya bugo masa waya. Mumuni ya ɗaure wata tsohuwar lasifika a goshin baburinsa, ya bi bakin kogi ƙauye-ƙauye yana shela: "Ruwa na tafe! Mai masara ya karye, mai akuya ya kwance!" A kowane ƙauye kuma ya rataye guntun ƙarfen mota a bishiya, ya ce duk wanda ya ji shelar ya buga, na gaba su ji su buga nasu.

Dabara ce mai kyau, ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba. Aka daina kiransa Mumuni surukin wane, ya zama Mumuni Mai Ruwa. Ana aiko masa da ƙwan zabi, ana shimfiɗa masa tabarma a gaba wurin suna. Amma duk wannan bai kai masa kalma ɗaya daɗi ba, wato in ya tsaya da babur, wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi wa Mumuni albarka." Don wannan kalmar yake ƙona man baburinsa, ita yake tafe yana maimaitawa a ransa har gida.

Ana nan sai ga 'yan firojek, wato ma'aikatan da ke kula da kogunan da ke ƙetare iyaka. Na Ghana da na Burkina da na Togo sun gane cewa kowa na riƙe da rabin labari, suka shirya su riƙa haɗa abin da suka sani, su kuma saka manoma a ciki. Wurin Mumuni suka fara zuwa, a teburin mai shayi. Babbansu ya gaishe shi da girmamawa, ya ce sun ji labarin aikinsa, suna so ya gaya musu yadda yake samun labari, ya ba su lambar mutuminsa, su saka su duka a guruf ɗin waya tare da masu kula da madatsar.

Mumuni ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kurɓi shayi, ya ce, "Sai na yi shawara."

Babu wata shawara. So yake a dawo a roƙe shi, a sake dawowa, yadda mutanen tebur za su gani da idonsu. Kuma can ƙasan ransa akwai tsoro: in kowa ya san Hudu, wa zai tambayi Mumuni? Mutanen suka yi godiya suka shiga motarsu. Ya wanke babbar rigarsa ya ajiye yana jiran su. Ba su dawo ba.

Rukaya suka samu, dillaliyar albasa, wadda ba manomin fadamar da ba ta san bakin gonarsa ba, ga ta da babbar waya mai ɗaukar murya. Ita ba ta yi shawara da kowa ba, nan take ta ce to. Aka kai ta taro Yendi, inda masu aikin wani kogi da ke fitowa daga Togo suka zauna da na Bawku, kowa ya baje abin da ya iya. Ta dawo da riga mai hoton kogi a ƙirji, da hotunanta riƙe da makirufo. Mumuni ya ce shi ba ya kallon hoto, amma da aka bar wayar a kan benci sai da ya leƙa. Yendi fa! Garin da ya san kowane lungu na tasharsa, wai Rukaya ce ke tsaye ana tafa mata. Ranar miyar Ummul-Khair ta sha suka, wai gishiri ya yi yawa.

Abin da ya fi ci masa rai daga Salaga ya zo. Ƙanwarsa Sadia ta bugo waya tana murna.

"Yaya, an kawo wata mata daga Bawku ɗinku, ta koya wa masuntanmu na bakin tafki dabara. Wai a rataye ƙarfe a bishiya, in labarin ruwa ya zo a buga, na gaba su buga. Matar nan tana da kai sosai paa!"

Mumuni ya ji kamar an ɗora masa buhun doya a ƙirji. Ya ce, "Ta faɗi wanda ya fara?"

"Ta faɗa mana. Ta ce wani bawan Allah ne mai moto."

Wani bawan Allah mai moto, wato mai babur. A garin da aka haife shi, a gaban mutanen da suka san kakansa. Ya ce wa Sadia kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ya kashe wayar ba sallama. Daga ranar ko albasarsa ya daina sayar wa Rukaya. Yana kai ta wurin wani dillali mai murɗe awo, ya gwammace a cuce shi da dai ya ga rigar nan mai hoton kogi.

Damina ta yi nisa. Wata safiya muryar Rukaya ta fito daga kowace waya a zango: masu madatsa sun sanar, za a buɗe, kowa ya kwashe abinsa daga fadama. Kafin hantsi ita da kanta ta zo teburin mai shayi, ta rusuna ta gaishe shi.

"Yaya Mumuni, ƙauyen su Baba Seidu waya ba ya shiga koraa, ko kaɗan. Moto naka kaɗai ya san hanyan. Don Allah ka kai musu."

Ƙauyen Baba Seidu shi ne na ƙarshe a bakin kogi, can cikin kwari, inda ko ƙarar ƙarfe ba ta kaiwa. Mumuni ya san haka fiye da kowa. Amma idanun tebur duk suna kansa. Ya ce, da ƙarfi yadda har mai wankin kofi zai ji, "Ni ba ɗan aiken kowa ba ne. Kuma ruwa ba ya zuwa sai mutumina ya ce ya zo. Bai ce ba."

Rukaya ta dube shi, ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta tafi neman wani mai babur. Duk wanda ta samu ya tafi karyar masararsa.

Shi kuwa ya zauna daram a benci, don kada a ce an gan shi a gona yana bin umarnin Rukaya. Washegari ma haka. Da azahar ya koma gida sai ya tarar da tsakar gida cike da masara, Ummul-Khair da maƙwabta suna ɓare ta. Ya tambaye ta wa ya ba ta izini. Ta ce ba ta nemi izini ba, saƙon murya ta ji, kuma ita ba za ta ci girman kai da rani ba. Bai gama haɗa amsar da zai ba ta ba wayarsa ta yi ƙara. Hudu ne.

"Mumuni, kun kwashe? An buɗe tun jiya, ruwa na hanya."

"Tun jiya? Shi ne sai yanzu kake gaya mini?"

"Ai na ɗauka ka ji a guruf. Ni ma a nan na ji, yanzu su suke riga ni sani. Rukaya ɗinku ce ma ta saka ni ciki, wurin Ummul-Khair ta karɓi lambata."

Mumuni ya juya ya kalli matarsa. Ta ci gaba da ɓare masararta, ko kai ba ta ɗaga ba. Shekara da shekaru yana ɓoye Hudu kamar kuɗin adashi, ashe an daɗe da raba shi ga duniya, a cikin gidansa kuma aka raba. Kishi ya taso masa har wuya, ya ji da zai iya da ya jefa wayar cikin rijiya. Sai Baba Seidu ya faɗo masa a rai, da awakinsa da ke ɗaure a turke a cikin kwari, da jikokin da ke wasa a bakin ruwa.

Ya ciro lasifikar daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙurarta, ya ɗaure ta. Hanyar ta yi laka, sau da dama yana sauka yana turawa. Kogin ya riga ya sauya launi, ya yi jajir, yana tafe da rassan itace. Tun daga nesa ya fara shela da muryar nan tasa ta tasha, mutane suka fito a guje, masu kwance awaki na yi, mata na ɗaukar kwanduna. Ya tsaya a gindin bishiya yana haki, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Nan dai waya ba ta shiga. Nan dai har yanzu nasa ne.

Baba Seidu ya taho yana dogara sanda, ya kama hannun Mumuni da hannu biyu, ya yi magana da irin Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji.

"Sannu, Mumuni, sannu da hanya. Ran kasuwa Rukaya ya ce mana, in ruwa zai zo, zai aiko ka. Ka gani, bai yi ƙarya ba." Tsohon ya ɗaga hannu sama. "Allah ya yi wa Rukaya albarka."

Mumuni ya buɗe baki. Yana so ya ce ba ita ta aiko shi ba, ta dai roƙa ya ƙi. Yana so ya ce labarin daga mutuminsa ya samo, sai ya tuna inda mutumin nasa ya samo. Mutanen da ke kusa duk sun shafa, sun juyo suna jiran nasa, don ba a yin addu'a mutum ya yi shiru.

"Amin," in ji Mumuni. Ya miƙa wa tsohon hannu. "Kawo igiyar akuyar, Baba, ruwan ba ya jira."