Baba Fikri da Injin da Ya Riƙe Ran Wafiyya

Kafin masu sayar da dafaffen wake su buɗe tukwanensu a Iskandariyya, Baba Fikri ya riga ya shiga asibiti. Shi ke kula da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu idan sun gaza. Kullum sai ya duba bututansa, ya kori iskar da ta maƙale, ko da za a yi wata ba a nemi injin ba. Ma'aikatan jinya kan tsokane shi: "Baba, amaryar taka ta karya kumallo?" Sai ya ce, "Ku dai yi addu'a kada a kira ta."

An kira ta ranar da aka kawo Wafiyya, matar wani masunci, don aikin madaciya. Ana yi mata allurar barci, jikinta ya yi jawur, ƙirjinta ya toshe. Likita Hanan ta yi ta ɗura allurar farfaɗowa, ana danna ƙirji, zuciya ta ƙi tashi.

Wata ma'aikaciya ta tare mijin, Sabri, a bakin ƙofa: "Ta taɓa yin haka?"

"Wajen tiyatar haihuwar autarmu numfashinta ya sarƙe. Hajiyarmu ta ce bakin mutane ne, aka yi turare."

"Kuma ka yi shiru, bawan Allah?"

"To wa ke kawo wa likita maganar kambun baka?"

A ciki Likita Hanan ta ɗago: "Baba Fikri?"

"Sa bututu a cinya, 'yata. Na shirya."

Jini ya fito baƙi-ƙirin, ya ratsa injin, ya koma ja. Kwana da kwanaki Baba Fikri yana zaune gefen injin, idonsa na neman gudan jini a bututu. Sabri ya tambaye shi ko matarsa za ta tashi. Bai yi masa ƙarya ba: "Lokaci kawai muke ara mata, ɗana." Da aka fara rage gudun injin don a gwada zuciyarta, babu mai motsi a ɗakin. Zuciyar ta yi rawa, sannan ta kama. Wafiyya ta farka tana tambayar wa ya ciyar da yaranta.

Kai ne, Baba Fikri, mai gadin ƙofar da kowa ke tsoro. Ga shi ka ajiye aiki, kuma waɗanda suka iya zamanka ba su da yawa. Mun gode, Allah ya saka. Matasan asibiti, ku je gidansa ku koya tun yana da ƙarfin nuna muku. Wata Wafiyyar na nan tafe.