Jaberar Mama da Bokitina

Shekarun baya, lokacin ina haya a Samaru, mai gidanmu, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, ta tafi Kafanchan wajen 'yarta da ta haihu. Kafin ta tafi ta nuna mini tukwane bakwai na furen jabera a bakin ƙofarta, wasu ja wasu ruwan ƙwai, duk sun buɗe. Marigayi mijinta ne ya dasa su.

"Ɗana, ka kula mini da su. Yanzu ne lokacinsu."

Na ce kar ta damu. Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba.

A ganina kulawa ita ce ba da ruwa, don haka safe da yamma nake kwarara musu bokiti guda. Kafin mako biyu furannin suka sunkuyar da kai, ganye ya koma rawaya. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Abokina mai karatun aikin gona ya ce taki suke so. Maƙwabciyarmu ta ce rana ce ta yi yawa, na kai su inuwa. Mijinta ya ce ai inuwa ke kashe su, na mayar. Haka na yi ta jigilar tukwane kamar mai tashi daga gida.

Da biyu suka ruɓe, na rungumi ɗaya daga cikin sauran na hau acaɓa zuwa Sabon Gari wajen wani tsoho mai sayar da furanni. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya zaro shi duk caɓi.

"Malam, shinkafa kake nomawa?"

Ya ce in bari ƙasa ta sha iska tukuna, in zan zuba ruwa kuma a gefen tukunya, kar ya taɓa tsakiyar shukar. Sai ya kama furen da ya yi yaushi ya tsinke shi tun daga gindi.

"Baba, furen nan fa amana ne!"

"In ba ka cire wannan ba, sabo ba zai fito ba."

Ban gane ba, amma na bi. Ranar da Mama ta dawo, biyar sun fara sabon toho. Na shirya dogon ban haƙuri. Ta daɗe tana kallon tukwane biyun da babu komai, sannan ta ce, "Ruwa ka cika musu ko? Haka na yi shekarar da mijina ya rasu. A da tukwane sha biyu ne."

Har yau ban san takamaimai abin da ya ceci biyar ɗin ba. Abin da na sani, ban taɓa yin ɓarna da zuciya ɗaya irin wannan ba.