Jar Hular Malam

Jiya a ajin da nake koyar da magana gaban jama'a, wata ɗaliba ta fito gabatar da aikin rukuninsu, idonta a ƙasa. Nan take Malam, wanda ya koyar da ni ina ɗalibi, ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Mu 'ya'yan Zango ba a koya mana kallon babba cikin ido ba. Ranar da rukuninmu ya fita gaban Malam, ni ne mai buɗewa, makin mutum biyar yana bakina. Kaina a sunkuye, na yi ta zuba wa siminti Faransanci, ƙarar zemijan, baburan acaɓa, daga titi tana cinye muryata.

Malam ya taso daga bencin baya, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ce, "Ɗana, ban ce ka zubar da kunyarka ba. Bar idona, dubi hulata."

Jar dara ce, gefenta ya koɗe. Da na ɗaga kai sai murya ta fito, har masu wucewa suka leƙo ta taga.

Jiya na taɓa tawa hular na ce wa yarinyar, "'Yata, dubi nan." Ta ɗago, muryarta ta fito.

Malam, hularka tana aiki har yau. Allah ya kai maka ladan kabarinka.