Mutumin da Ke Korar Ƙwallo

Ƙwallon da 'ya'yana ke kallo ba irin wadda kowa ya sani ba ce. Ta Amurkawa ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasan kuma kowa da hular kwano. Mahaifinsu ne ya shigo mana da ita gida. Ya daɗe yana tuƙa wani Ba'amurke a nan Jidda, da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa ƙwallo ɗaya da wata shuɗiyar riga. Tun daga nan yaran biyu suka zama magoya bayan masu shuɗiyar riga, ƙungiyar da ko garinta ba su taɓa gani ba. A lungunmu na Waziriyya ba wanda ya damu da wasan, don haka in musu ya tashi, su biyun ne kawai.

Babban, wanda ba na faɗin sunansa tunda ɗan fari ne, ya koma Kano da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Auta ya zauna tare da mu, yana aiki a wani sito a Khumra. Bayan shekara biyu mahaifinsu ya rasu da hantsi, aka sallace shi bayan la'asar. Auta ne ya yi ta zirga-zirgar takardu daga asibiti zuwa ofis, bai kira yayansa ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Kafin nan babban ya riga ya ga sanarwar a waya, kamar kowane baƙo. Ni ma ban kira shi ba, ranar ban san inda wayata take ba, amma ni bai riƙe ni a rai ba. Ƙaninsa ya riƙe. Ya ce an rufe ubansa kamar ba shi da ɗan fari. Auta ya ce wanda bai ɗauki makara ba kada ya koya masa hankali. Daga nan suka daina magana.

Na yi nasiha, kawunsu ya yi, limamin lungu ma ya yi. Kowannensu sai ya ce to, shi ke nan.

Da zafi ya fara sauka aka buɗe kakar wasa. Auta ba ya kallo kai tsaye saboda aiki, sai ranar Litinin bayan la'asar yake kunna wanda ya adana, ni kuma ina gefe ina ninke wanki. Wata Talata babban ya kira mu gaisa, har mun yi sallama sai ya ce, "Umma, mutumin gidan naki ya kalli wasan?"

Na ce ya kalla.

"To ki gaya masa mai jifan nan ya tsufa. Yana riƙe ƙwallo kamar jaririya har a zo a danne shi. Amma kada ki tura masa muryata."

Da yamma na isar da saƙon. Auta yana cin abinci, bai ɗago ba. Sai da ya wanke hannu ya ce, "Ya Ummi, ki ce masa ya buɗe ido. Ƙattin gaban ne ba sa tarewa. Na hagun nan, wallahi bab maftuh, ƙofa ce a buɗe. Ko wa ka sa a bayansa ƙasa zai sha."

Haka na zama 'yar aike. Don kada in cakuɗa zance, sai na riƙa rubutawa a bayan kalanda da ɗan rubutun da na koyo a ajin yaƙi da jahilci, na babban a dama, na Auta a hagu. A hankali na fahimci wasan. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci taku goma na fili. Mai jifa shi ne uban tafiya, ƙatti biyar suna tare masa abokan hamayya, masu gudu kuma suna watsuwa su cafe abin da ya jefa. Babban yana so a zaunar da tsohon mai jifa a gwada wani matashi da ke zaman benci. Auta ya ce matashin nan ƙafa gare shi ba kai, yana ganin ƙato ya nufo shi zai wurga ƙwallo a hannun abokan gaba. Suka yi mako uku a kan wani mai cafewa da ke sakin ƙwallo in ya ji motsi a bayansa. Babban ya ce tsoro ne, Auta ya ce jifan ne ke zuwa masa a makare.

Ba duk abin da aka ba ni nake kaiwa yadda yake ba. In babban ya ce, "Ki ce masa tun yana yaro ba ya gane komai," sai in ce, "Yayanka ya ce ka sake duba wurin nan." Auta yakan dube ni ta wutsiyar ido ya ce, "Haka ya faɗa, ko?" Sai in ce kusan haka.

Ƙungiyar dai ba ta yi abin kirki ba a shekarar. Tun da sauran wasanni aka san ba za ta shiga zagayen fitar da gwani ba. Ni abin da ya dame ni daban ne. In an buga na ƙarshe, sai an yi watanni ba wasa, kuma ban ga wani saƙon da zai sake haɗa ɗakina da Kano ba.

Ana gobe za mu kalli wasan ƙarshe, babban ya ce in tambayi Auta wa ya fi kowa ƙoƙari a bana, in har akwai. Na bari sai da aka tashi, an kuma cinye su, sannan na tambaya. Auta ya jefar da matashin kujera ya ce, "Wala wahid. Ba ko ɗaya. Halas, shi ke nan, a sallame su duka."

Na ce, "Ni kam ina da nawa."

Ya juyo. "Ke, Ummi?"

Akwai wani siririn mutum da na daɗe ina lura da shi. In an yi dama uku ba a ci taku goman ba, sai mai jifa ya fita yana girgiza kai, shi kuma wannan ya shigo shiru, ya karɓi ƙwallo, ya narka mata ƙafa ta tashi sama ta faɗa can nesa, don abokan hamayya su faro daga ƙarshen fili. Ba ya rawa, ba ya bugun ƙirji. Na ce wa Auta duk kakar nan ban ga ya yi kuskure ba, kuma ba ranar da ba a kira shi sau da yawa ba. Wasu su ɓata, shi ya zo ya kawar da ɓarnar daga ƙofar gida. Na ce in ana ba da kyauta shi ya cancanta, in ma da hali a ba shi shugabancin 'yan wasan.

Auta ya zuba mini ido. Sai dariya ta ƙwace masa, har ya zame daga kujera ya riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin rasuwar.

"Ya Ummi! Mai korar ƙwallo? Ai yawan ganinsa shi ne alamar mun lalace! Ba wanda ke son ya gan shi a fili, ko uwarsa!"

Na ce uwarsa dai tana so.

"La la la, sake faɗa, don Allah. Yalla, daga farko." Ya kara mini waya a baki. Na maimaita, har na ƙara da cewa mutumin yana da natsuwa. Na ɗauka abokansa na sito zai kunna wa. Na ga ya danna, ya ajiye wayar a kan cinyarsa, sai fuskarsa ta canza, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta yi ƙara. Ya dube ta har ta kusa tsinkewa, sannan ya ɗauka. Daga inda nake ina jin muryar babban, dariya ta hana shi magana sosai.

"Kai, me ka yi wa tsohuwar nan? Wata huɗu tana kallo, mai kora ta zaɓa?"

"Wallahi ya Yaya, ba ruwana. Har kyaftin ta naɗa shi."

Suka yi ta yi da ni. Daga nan suka koma kan ƙaton hagu, babban ya yarda ƙofa ce, Auta ya yarda hannun mai jifa ya fara sanyi. Can sai muryar Auta ta yi ƙasa, ya miƙe ya fita matakala ya jawo ƙofa. Na ji ya ce, "Ranar nan, Yaya…" Ban bi shi ba. Na ɗora shayi, ya huce, na sake ɗumamawa. Da ya shigo idonsa ya yi ja, ya ce yayansa na gaishe ni, ya tambaya ko da sauran abinci.

Da kakar ta zagayo, ƙungiyar ta sallami mutumin nawa ta ɗauko wani yaro. Su biyun suka haɗa kira ɗaya suka yi mini jaje, babban har da cewa Allah ya ba ni haƙurin rashi. Na amsa musu da amin. Na kalli sabon yaron a wasa biyu, bugunsa ba ya tashi sama sosai, kuma na gaya musu.