Malam Maliki Ɗantsoho, Mai Gyaran Rediyo na Argungu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ina cikin aji ina koyarwa a Birnin Kebbi aka aiko mini cewa Allah ya karɓi ranka a gidanka na Argungu, bayan jinyar kwana tara. Kafin in sami mota in iso, an riga an kai ka makwanci.

Malam Maliki, mutane sun san ka da gyaran rediyo. Ni kuwa ta dalilin mahaifina na san ka. Da tsufa ya raba Baba da gonarsa ta shinkafa a Zauro, sai ya dawo wurina a unguwar Badariya. Idonsa ya tafi, kunnensa ya yi nauyi, abin da ya rage masa shi ne sauraron karatu da tafsiri. Na sayo masa sabuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai ƙarfin gaske. Ana kunna ta maƙwabta su ji, shi kuwa ya ce ƙara kawai yake ji, har kansa na ciwo. Daga nan ya daina saurare, ya rage magana, abinci ma sai an matsa masa.

Da na kai maka kuka, sai ka zo ka zauna da shi. Bayan mako biyu ka dawo da wata 'yar amfilifaya ta zamanin da, mai kwalabe uku da ke yin ja in sun ɗumama, tare da faffaɗar lasifika a akwatin katako da ka haɗa da hannunka. Da ka ce ma'aunin ƙarfinta wat uku ne kacal, na yi dariya. Ka ce mini, "Malam Atiku, ba ƙarhi Baba ka biɗa ba, murya yaka biɗa. Wagga lasifika ba ta da nauyi, kaɗan aka taɓa ta ta amsa."

Ka juya akwatin ya fuskanci shimfiɗarsa, ka kunna karatun Alƙur'ani a hankali. Can sai muka ga leɓɓan Baba suna bin ayar. Ya miƙa hannu yana laluben naka, ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ranar ya cinye tuwonsa.

Shekara biyu da suka wuce kwalba ɗaya ta mutu, kuma an daina kawo irinta kasuwa. Ka zo da wata a naɗe cikin tsumma, ka ce a tarkacen shago ka tsince ta. Sai a zaman makoki maiɗakinka Sadatu ta gaya mini gaskiya: daga taka amfilifayar ka cire, wadda kake sauraron labarai da ita kowace safiya, kuma tun ranar na'urar ba ta sake magana ba. Ta nuna mini ita ajiye a kan kantar ɗakinka, an lulluɓe ta da zane.

Da na faɗa wa Baba, sai ya ce in kashe na'urar, ya ɗaga hannu ya yi ta yi maka addu'a yana hawaye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sadatu, da 'ya'yanka Hammadu da Riskuwa, da dukan mutanen Argungu. Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu. Kai kuma Malam Maliki, Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.