Ranar da na ba Turawa tarihin kamfaninsu

Akwai wata Laraba da har in mutu ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina aikin care a Plumstead, can Ingila, ina kula da wani tsoho Bature, kafinta ne da ya daɗe da ajiye aiki. Yana cikin waɗanda suka gina ƙauyen farko na wani kamfani mai ƙauyukan hutu a cikin daji, inda mutane ke biyan kuɗi su kwana a ɗakin katako tsakanin itatuwa.

Kullum da safe, ina haɗa masa shayi yana ba ni labari ɗaya. Wai babu hanya a dajin, taɓo har gwiwa. An hana su sare itace, don haka a kafaɗa suka riƙa shiga da katako. Mutanen yankin suna cewa babu mai hankalin da zai zo daji hutu cikin sanyin Ingila. A zuciyata ina bayan mutanen yankin. Ni da na baro ƙauyenmu a Filato, na san daji ba wurin zuwa ba ne, wurin fitowa ne. Amma aikina in ce "Haka ne, sir," sai in ce.

Sai kamfanin ya gayyace shi bikin tunawa da kafuwarsa a wani zaure a Aldwych. 'Yarsa ba ta so ba, domin mantuwa ta fara kama shi. Ya dage. Na yi booking ɗin taxi, na ɗaura masa necktie, muka tafi.

Bayan manya sun gama jawabi, aka miƙa masa makirfo. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Wata mata ta fara tafin tausayi, irin wanda ake yi don a sallami mutum. Sai ya nuna ni.

"Ita ta sani," in ji shi.

Haka na miƙe, da takalmin aiki a ƙafata, na ba Turawa labarin dajinsu. Na faɗi taɓon, na faɗi katakon. Na zo kan ranar buɗewa, na ce agwagi sun shiga ɗakin baƙi na farko sun ƙi fita.

"Dinya ce," tsohon ya ce da ƙarfi. "Agwagwa ba ta cizo."

Ya fizge makirfon. Daga nan komai ya dawo masa, har sunan wanda dinyar ta ciza da wurin da ta cije shi. An ba shi minti biyar, ya ci arba'in. Babu wanda ya iya tsayar da shi, ni kuwa ban gwada ba.

A hanyar gida ya ce, "Kin yi ƙoƙari, love, amma kina sauri."

Bai kai ƙarshen shekarar ba. A wurin jana'iza 'yarsa ta roƙe ni in ba jikokinsa labarin, domin ita ba ta taɓa tsayawa ta ji shi har ƙarshe ba.

Tun daga nan, idan tsoho ya fara maimaita mini magana, ba na cewa ai na ji. Na gane ba surutu yake yi ba, wurin ajiya yake nema.