Nansins ɗin Baba Ilu

Duk wanda ya yi fawa a Agege ya san Baba Ilu ba ya jin Turanci, amma Turancin watsar da maganar mutum, wannan kam ya fi lauya. Tsintar kalmomin ya yi a Legas, kowace da tarihinta da matsayinta. Ni da teburina ke jikin nasa, na sha su duka, har lokacin da na yanke jijiyar hannun dama na kusa barin sana'ar.

"Abeg", wato don Allah rabu da ni, ita ce ta yau da kullum. Wai a bakin kwandastocin motocin haya na danfo ya ɗauke ta, don haka ba ta da daraja. "Rabish" ta zamanin soja ce, kuma kaya ake gaya wa, ba mutum ba. Wata Bayarabiya ta taɓa ɗaga tsoka ta ce wannan ta kwana, ya ce rabish. Matar ta ci ɗamara za ta yi faɗa, ya rantse mata da naman yake, ba da ita ba. Mutum ya zagi namansa da bakinsa! Kuma ta saya.

Babbar ita ce "nansins". Wai wani Bature ne ya daka wa mahaifinsa ita yana dako a tashar jirgin ƙasa ta Iddo, tsohon ya kawo ta gida kamar tsaraba. Gado ce, ba a almubazzaranci da ita. Ran da jikarsa ta ce masa "wateba", wato ko ma mene ne, tana latsa waya, rashin kunyar bai dame shi ba, kalmar ya raina. Ya ce duk kitse ce, ba ƙashi.

Da aka sallamo ni daga asibiti, yatsuna sun daina riƙe wuƙa. Na je yi masa sallama, na ce zan cire yara daga makaranta mu koma ƙauye, ni dai tawa ta ƙare.

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Nansins."

"Baba, likita ne fa ya faɗa."

"Likitan ya ce har na hagun aka yanke? Zo nan, rago."

Ya danƙa mini wuƙarsa a hagu. Na ce wa zai karɓi nama daga hannun hagu? Ya ce in yanka da hagu, in miƙa da dama, mai ƙorafi ya zo ya same shi. Na daɗe ina ɓata masa nama, yana tsaye a kaina yana rabish, rabish, yana cewa da naman yake.

Yau da hagun nake ciyar da gidana, babbar 'yata ta gama sakandare.

Da ya kwanta ciwon ajali, na je dubiya na ce masa zai tashi, har mu yi babbar salla tare. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Abeg." Ta gadon, nansins, ya riga ya kashe ta a kaina, inda take da amfani.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsayar da ni da hagu, Allah ya ba shi littafinsa a dama.